Rawanin Bappa Sabi'u

Ruwan Bago,
Ƙaramar Hukumar Rogo.

Zuwa ga angona Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga tsohuwar matarka da ka jingine a ƙauye ka tafi koyar da manyan ɗalibai. Ina fata kana lafiya kai da Fiddausi da yaran. Allah ya ƙara basira, ko da yake wadda kake da ita ma ta ishe mu. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau, saniyar maƙwabciyarmu Mairama ta haihu, gwiwata ce dai take ta tsiyarta. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Ɗalibanka biyu masu karatun digiri na biyu sun zo, Bahijja da Abdulmumini, yara masu ladabi. Suka ce kai ka turo su binciken asalin unguwarmu, kuma ka koya musu ƙa'ida uku: kada su yarda da bakin mutum ɗaya, su tambayi kowa shi kaɗai, in sun gama su koma su karanta wa mutane abin da suka samo. Bappa Sabi'u, ƙanen kakanka, ya yanka musu zakara. Ka san tun rasuwar mai unguwa yake jiran dagaci ya naɗa shi, hujjarsa kuwa ita ce ubansa ne ya sari dajin nan ya kafa gari. Har rawanin ya saya a kasuwar Karaye, yana gwadawa a ɗaka, ni ina leƙensa ta tagar baya. Ya zaunar da yaran ya yi musu labari tun hantsi har la'asar, da kuraye da aljanu da komai.

Daga nan suka bi tsofaffi ɗaya-ɗaya da wayarsu. Ni ma sun zo. An tambaye ni, na faɗa: da aka kawo ni gidan nan amarya, surukina, uban su Bappa, kiwon shanun kakan Basiru yake yi, Basirun nan da suke takarar rawani da Bappa, ana ba shi maraƙi duk shekara, bukkarsa tana bayan dangarsu. Ashe duk wanda aka keɓe haka ya ce, har liman, wanda a gaban Bappa kullum gyaɗa kai yake yi.

To, sai ƙa'idarka ta uku. Ranar Juma'a bayan an sauko, ga dagaci ga jama'a, Abdulmumini ya miƙe ya karanta komai, da sunan kowa da abin da ya ce. An ce Bappa yana sahun gaba cikin babbar rigarsa, tun yana murmushi har ya koma kallon takalmansa. Da aka gama, yaron ya tambaye shi cikin ladabi ko yana da gyara. Wallahi da labarin ya iso cikin gida sai da na riƙe ciki don dariya. Basiru aka naɗa makon jiya, 'yan rakiya kuma ta ƙofarmu suka bi da shi.

Bappanka bai sake fita ba, ko masallaci. Tuwo yadda aka kai haka ake dawo da shi. Mutumin da ya riƙa goya ka a keke zuwa firamare, yana gaya wa duk wanda ya tare shi cewa farfesa ya ɗauko. Hotonka na gama jami'a da ke zaure ya sa an cire, yanzu da shi matarsa Jamilatu take toshe akurkin kaji, kuma ya yi daidai da ƙofar. Rawanin kuwa na roƙa a ba ni in tace koko, ya ƙi.

Fiddausi ta yi waya ta ce za ku zo Babbar Sallah. Sai na ce bari in gwada karatunka. Na bi mutanen gidan nan ɗaya-ɗaya, kowa shi kaɗai, na tambaya ko akwai mai son ganinka. Bakinsu ya zo ɗaya: babu. Ga shi kuma na karanta maka, kamar yadda ka koyar. In kana da gyara ka aiko.

Ka gaishe da Fiddausi, da Salman, da kishiyata Hidaya. Ka gaishe da ɗalibanka, ka ba su maki mai kyau, sun yi aiki.

Ni ce kakarka,
Ummu Hani.