Sandar Jikin Bango

Zuwa ga 'yata Likita,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana, abokina ɗan ƙiriniya. Maƙwabcinmu tela ke rubuta mini. Ya ce in taƙaita, na ce alƙalaminsa na ara, ba bakinsa ba.

An karanta mini takardarki. Wai in tuna miki yadda marigayi yayanki Direba yake tashi daga ƙasa yana ƙarami. Ban manta komai ba. Amma ɗana ba darasin ɗalibanki ba ne. Tun da kika shiga binciken ciwon nan mai cinye tsoka, ɓerayen ɗakin gwajinku sun fi ni ganin fuskarki. In kina son amsa, ki zo. Sandar da na kafa masa a bango daga ɗaki zuwa bayi tana nan, tafinsa ya goge ta sumul. Mai gidan haya ya ce in cire zai yi fenti, na ce sai dai ya fente mu tare. Kekensa na guragu ma ina sa masa mai.

Ki kawo mini jikana. Ko kin ɓoye shi ne don kada in kayar da shi a kokawa?

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ba don ɗalibai na tambaya ba. Kowane zangon karatu ina tsayawa gaban aji ina nuna musu tashin nan, muryata ba ta rawa. Watan jiya abokinka ya tashi daga tabarma. Ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawan jikinsa kamar tsani. Sha-raɓarsa ta yi ƙiba, kakarsa ta wajen uba har tana yaba ƙarfinsa. Mun yi gwajin jini. Ciwon nan ne, Baba. Ta jikina ya bi, kamar yadda ya bi ta jikin Inna.

Yanzu akwai maganin da ke rage masa gudu, wanda Direba bai samu ba. Na warkewa muke nema har yau. Na ƙi zuwa ne don na san kallo ɗaya za ka yi masa ka gane, ni kuma ban shirya ganin fuskarka ba. Ka yafe mini.

'Yarka.

*

'Yata,

Tela ya karanta, ya tsaya, na ce ya ci gaba.

Haka Direba yake tashi. Kuma ba ya son a ɗaga shi, so yake a jira shi. Ku jira yaron nan.

Na cire sandar da hannuna, mai gida ya yi fentinsa. Ki auna mini da zare daga ƙasa zuwa ƙugun abokina, ki ajiye zaren, daidai tsayin nan zan kafa masa ita. Keken na bar shi tukuna.

Ku tare ni a tasha. Kayana dogo ne.

Babanki.