Ɓawon Gyaɗar da Ke Kafaɗar Inna

Kafin Dafga, Karaye.

Zuwa ga Munawwara, sanyin idona, ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, inuwar tsamiyar da nake gudu gare ta idan rana ta take, furen gyaɗa mai buɗewa da safe ba tare da an roƙe shi ba. Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Baba da duk mutanen Zoza. Ni dai da sauƙi, in wannan ake kira sauƙi.

Na gaji, Munawwara. Na gaji da kiran wayar da ba a ɗauka. Na gaji da muryar matar nan ta kamfanin waya mai cewa in sake gwadawa an jima, har na fara yi mata baƙar magana, ita da ba ji take ba. Shi ya sa na koma ga takarda, na ba Ilu direba ya miƙa gidanku, don ita takarda ba a kashe ta.

Ke kika ce in je. Kin tuna ranar kasuwar Rogo, muna tsaye kusa da masu rake, da na ce zane aikin wanda ya ƙoshi ne, wa zai bar gona ya tafi birni kallon bango? Ba ki yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Gyara mayafi kika yi, kika dube ni da idanun nan masu kama da ruwan dam da hantsi, kika ce, "Malam mai karatun jaridar ƙunshin tsire, je ka Abuja ka ga nunin da aka sa aikina a ciki. In ka gani da idonka, sai ka turo magabatanka." Wane namiji ne zai ji haka ya zauna?

Na je. Na yi sallama a bakin ƙofa, ba wanda ya amsa. Ɗaki fari fat, sanyi kamar cikin firij, mutane riƙe da kofuna suna magana ƙasa-ƙasa sai ka ce gidan makoki, alhali ba wanda ya mutu. Wallahi da shirin ƙin komai na shiga. Sai ga wani bijimi da wani ɗan Jos ya haɗa da tarkacen janareto da sarƙar babur, da tozonsa da leɓensa, ya sunkuyar da kai irin na bijimin Kawu Hammawa in zai yi karo. Sai da na ja da baya. Ga wata mata daga Legas ta ɗinke ledojin ruwan da muke zubarwa a kwata, ta yi labule tun daga rufi har ƙasa, iska na kaɗa shi kamar kogi ya miƙe tsaye. Duk wanda ya shiga Abuja bai tsaya ya ga waɗannan ba, tafiyar banza ya yi. Na faɗa, ki ajiye, ba kullum nake janye magana ba.

Sannan na kai bangon ƙarshe. Me ya sa ba ki gaya mini ba, hasken raina? Me ya sa kika bar ni na yi karo da Inna a garin da ban san kowa ba?

Innata, Barira, da har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko ɗaya ba mu da shi a gidan nan. Ga ta a zanenki, zaune a tabarma, ta ba da baya, tana ɓarar gyaɗa, kafaɗar hagu ta ɗan sauka kamar yadda take tun da ta faɗi a bakin rijiya. Ɗankwalin na atamfar gaske kika liƙa, ɓawon gyaɗar ma na gaske ne, kika watsa shi a tabarma da cinyarta. Guda ɗaya kuma ya maƙale a kafaɗarta.

Tun ina yaro, in na gitta ta bayanta na ga ɓawo a jikinta, cirewa nake yi, ta ce, "Kai, tafi can, mai hannun ƙaiƙayi." Na ga rubutun da ya ce kada a taɓa. Ba zan fake da jahilci ba, ni da ko kwalin ashana na tsinta sai na karanta. Na karanta shi sarai. Amma hannuna ya riga hankalina isa. Na cire mata ɓawon. Ya taho da fenti, ya bar tabo fari kamar farce.

Sauran an gaya miki, na sani, tunda ke kina Legas a ranar. Mai gadi ya riƙe mini hannu. Matar da ke kula da wurin, mai farin tabarau, ta zo tana tambaya wa ya bar irin waɗannan suka shigo. Irin waɗannan! Nan bakina ya ɓalle. Na ce mata matar da ke bangon nan ita ta haife ni, ku kuwa kuna shan lemo a gabanta ko sunanta ba ku tambaya ba. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Ban tsaya ba. Na taɓo tabaranta, na taɓo Turancinta na hanci, na ce gyaɗar da take ci a kofi ba ta san ko a bishiya take fitowa ba. Aka fitar da ni. Sai a mota, wajen Zariya, na tuna ita ce kika ce za ta kai aikinki Legas. Ƙofar da kika yi shekaru kina ƙwanƙwasawa, ni na je na doke ta da ƙafa.

Har yanzu in na tuna kalmar matar nan jinina tafasa yake, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma fushin ma ya gajiyar da ni. Kamar gonar da aka yi ta nomawa ba taki nake, ko ciyawa ta daina fitowa. Ke ce raɓar da ke kwantar da ni, ke ce tafkin da garke ke komawa da rani, to in tafki ya ƙi garke, ina za shi? Wace mace ce a duniya za ta zauna ta haddace yadda kafaɗar uwar wani take, don kawai tana son ɗan? Ke kika dawo mini da ita, ni kuma na saka miki da tabo.

Ga ɓawon nan na naɗe a auduga cikin ambulan, da fentinsa a jiki. Ki mayar wa Inna a kafaɗarta. In kuma sai na koma Abuja na durƙusa gaban mai tabarau ne za ta sake buɗe miki ƙofa, ki faɗa. Zan je, hannuwana a baya, in ba ta haƙuri, in ta ƙara kira na da abin da ta ga dama in haɗiye. Ban taɓa yi wa kowa haka ba. Ban ma san yadda ake yi ba, amma zan koya, yadda na koyi karatu ba malami.

Kawu Hammawa ya riga ya sayo goro tun kafin in tafi. Kullum da safe sai ya buɗe ganyen ya yayyafa masa ruwa, ya dube ni ya ce, "To, sarkin baki, yaushe za mu Zoza?" Na ce ya dakata. Babanki ba zai ƙi mu ba, na sani, amma ba zan tura manya su bi ta kan shirunki ba. Sai kin ce su zo. In kin ce kada su zo, zan gaya masa da bakina.

Goro yana da iyakar kwanakin da zai iya jira, Munawwara. In ya bushe zan sayo wani, in wancan ya bushe in ƙara sayowa, kuma ba gidan da za a kai shi sai naku.

Naki, yau da gobe da ranar da ƙasa za ta rufe idona,
Muntaka.