Jinin Mutanen Tarai a Mujallar Turawa

Kibiya, 12 ga Yuni, 2010

Zuwa ga ɗana Dokta Muhyiddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku daga sanyin ƙasar da kuke. Mu nan alhamdulillahi. Damina ta sauka, an yi shuka, gwiwar mahaifiyarka Jummai ta yi sauƙi har ta koma yi mini faɗa a tsaye. Ni ma jiki ƙalau, mutunci ne kawai ya ɗan karye, kuma da hannuna na karya shi.

Mujallar da aka buga bincikenka na ciwon suga ta iso, tare da 'yar takardarka inda ka ce aikin ya kai arba'in da bakwai. Ka san ubanka, a aji huɗu boko ya sallame shi, ba tare da kewar juna ba. Na ga lamba, ban tambayi kowa ba, na zura babbar riga ranar kasuwa, na zauna a rumfar mai shayi na shelanta cewa ɗana ya warkar da mutum arba'in da bakwai a Turai. Sai Ɗayyabu, malamin asibitinmu, ya karɓa ya duba, ya bayyana a gaban kowa cewa ba majinyata ba ne, yawan lokutan da wasu masana suka ambaci aikinka a cikin nasu ne. Ya ce ita ma mujallar haka ake auna darajarta: a ƙirga ambaton da aka yi wa abin da ta buga, a raba da yawan abin da ta buga, abin da ya fito shi ne makinta. Na ce ashe biki ne irin na matan unguwa, ki kawo mini kwano ranar sunana in kai miki ranar naki. Aka yi dariya sosai, amma ba da ni aka yi ba, ni aka yi wa.

Dariya ba ta kisa, kuma ba ita ta sa ni ɗaukar biro ba. Ka tuna shekara shida da suka wuce, da ka zo neman waɗanda za ka huda wa yatsa ka auna jininsu. Lokacin ana gudun duk wani mai allura, mutanen Tarai suka rufe maka ƙofa. Ni na hau keke na bi gidaje da rugage, ina cewa ɗana ne, in ya cuce ku ni na cuce ku, kuma kowa zai ji sakamakonsa. Hammadu, aminina tun muna satar mangwaro, shi ya fara miƙa yatsa, sannan sauran suka biyo. Duk sanda na tambaye ka a waya, sai ka ce sai an buga. Wata mujalla ta nan gida ta so bugawa, da bakinka ka ce mini makinta ƙasa yake, ba za ta kai ka ga ƙarin girma ba. Ka tsaya shekara biyu a ƙofar mujallar Turawa kamar mai neman kwangila.

To, an buga, barka. Watan jiya kuma aka yanke wa Hammadu ƙafar dama a Kano. Ƙaya ce ta soke shi a wajen kiwo, ciwo ya ƙi warkewa, likitoci suka ce suga ya daɗe yana cinsa. Ɗayyabu ya nuna mini a mujallarka, mutum goma sha tara ka samu sugansu ya hau, babu suna, sai lambobi. Sunayen suna cikin littafinka. Wato masana sun ambaci jinin Hammadu sau arba'in da bakwai, shi mai jinin ko sau ɗaya ba a gaya masa ba. In wannan ne ilimi, na gode wa hedimastan da ya kore ni.

Kada ka aiko mini da wata mujalla, wadda ke nan ma ta isa fifita. Kada kuma ka yi mini Turanci a waya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka aiko wa Ɗayyabu sunayen nan, da bayani a Hausar da Dije matar Hammadu za ta gane, me za a ci, me za a bari. Azumi saura wata biyu, kuma duk cikinsu babu wanda ya san kansa. In watan ya tsaya babu takardar, ka ci gaba da gaisawa da mahaifiyarka, ni ka huta da ni.

Ka gaida matarka Afra'u, ba ruwanta a wannan magana. Ka shafa mini kan jikata Jannatu. Mahaifiyarka da ƙanwarka Huseina suna gaishe ku, kawunka Mato ma haka.

Har yau ban je duba Hammadu ba. Sau biyu ina kai wa mararraba in juya keke. Shi kuwa bai aiko da ƙorafi ba, nono ya aiko da shi kamar kullum, da saƙon cewa ya ji ɗanmu ya yi suna. Ranar Juma'a zan je. Ni na ba shi bakina, ni zan zauna gaban tabarmarsa in gaya masa gaskiyar abin da aka yi da jininsa.

Ubanka,
Alu