Ƙibar da Muka Yi wa Barka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Malam Isa na Gwangwan, ɗan kawuna, taubashina. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan makwancinka ya yalwata, ƙasa ta yi maka sauƙi.

Daga shekarar bushiya zan ɗauko maganar, domin daga can ta faro, ko da yake a lokacin babu wanda ya sani. Shekarar da ciwon ya bi rugage ya kwashe shanu, har aka gaji da fiɗa aka koma binnewa, damina kuma ta ɗauke tun gero bai gama ido ba. Ka tuna. In ma ka manta, ni ban manta ba, ai aikina ke nan. Har gobe in rikicin iyakar gona ya tashi tsakanin Karaye da Rogo, ni ake ɗaukowa a bayan babur in nuna inda tsohuwar ɗorawa take.

Ka san ban taɓa zama a aji ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yarka Rakiya ce ke riƙe da alƙalami, ita da yanzu take koyarwa a nan Rogo. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta gyara mini baki. Ta ce ai mutane za su karanta. Na ce su karanta, da ma akwai waɗanda nake so su ji.

A yunwar nan kowa ya zube, amma kai ka fi kowa. Wuyanka ya zama kamar na zalɓe. In na gan ka tafe a kasuwar Karaye sai in ɗaga murya in ce a kama Isa kada iska ta kai shi Zariya. Kai kuma ka ce bawa da yunwa a cikinsa ba ya raina ubangidansa. Ubanka da uwata ciki ɗaya suka fito, kai ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando kake kirana bawanka, ni kuwa ban taɓa amsawa ba sai da baƙar magana. Haka aka same mu, haka aka bar mu. Wurin suna, wurin ɗaurin aure, in aka gan mu tare sai a gyara zama, an san yau akwai dariya.

Sannan Allah ya dawo da ruwa. Damina ta yi kyau, wata ta biyo ta fi ta. A kakar nan ce ka shigo kasuwa fuskarka ta cika, kumatu sun fito, idanu sun shige ciki. Mahauta suka yi maka barka. Mai shayi ya ce Malam Isa an murmure. Mutanen da suka ga ƙashin haƙarƙarin juna, me za su kira wannan in ba arziki ba? Ni na fi kowa baki. Na ce ka samo wata bazawara a Rogo Sabon Gari mai ɗura maka man shanu a ɓoye. Da maganar ta kai kunnen Delu matarka, dariya ta yi, don mata ma sun fara yaba hannunta. Ta ƙara himma. Miya ta ji daddawa da gishiri, kunun kanwa ba ya yankewa da safe. Duk don ƙauna.

Akwai ranar da nake so mu tsaya a kanta. Gindin tsamiyar nan ta bakin kasuwa, inda nake shimfiɗa igiyoyina na sayarwa. Ka zo ka zauna kusa da ni fiye da yadda ka saba. Ka tuɓe takalmi, ka ja wando sama, ka danna babban yatsanka a ƙwauri. Da ka ɗauke, ramin ya tsaya, bai taso ba. Ka ce, "Audu, duba nan. Wannan ba ƙiba ba ce."

Audu ka kira ni ran nan, ba bawa ba. Ko wannan kaɗai ya isa in farga. Sai na ce ai malmala ma haka take yi in ta ji yatsa, ka riga ka zama tuwo, miya kawai ta rage. Na kusa da mu suka kwashe da dariya. Kai ma ka yi, don wanda taubashinsa ya jefa bai da ikon ɗaure fuska. Ka saki wandon, ka mayar da takalmin.

Wata rana kuma, muna dawowa daga jana'iza, ka rage murya ka ce fitsarinka na kumfa kamar an kaɗa sabulu. Na ce to ka daina satar sabulun Delu kana ci.

Sai bayan rasuwarka na zauna na auna abin. Wa za ka gaya wa zancen fitsari? Delu, da ko sunanta ba ka faɗa a gaban mutane? Habu, ɗan farinka, da ko haɗa ido ba kwa yi? Liman? A duk duniya mutum ɗaya ne babu kunya tsakaninka da shi, shi ne ni. Shi ya sa ka kawo mini. Kuma a duk duniya mutum ɗaya ne bai iya karɓar magana daga bakinka ya bar ta a matsayin magana ba. Shi ma ni ne.

Rakiya ta ɗaga kai tana dubana, tana jira in ce na yi laifi. Ba zan ce ba. Abin da aka haife mu a kai na yi, kuma ajali in ya zo babu mai tare shi. Sai dai abin yana cina, Isa. Ba wasan ne ke cina ba, shekarun ne. Shekarun da muka yi muna yi wa ruwan da ya cika maka jiki barka.

An yi ƙaho, wanzami ya ce ya fitar da mataccen jini. An sha sassaƙe, an sha saiwa. Jiki ya ɗan saɓe ya sake hawa. A gona ka koma ba ka iya kai kunya ɗaya ƙarshe sai ka zauna. Fatarka ta kama ƙaiƙayi, har da totuwar masara kake susa. Naman da kake so ya koma yi maka ƙarni. Shekarar da aka tare ruwan Chalawa aka yi dam, mutane na ta kwashe kaya daga ƙauyukan da ruwa zai ci, a shekarar ce Habu ya ce sai asibitin Kano. Na bi ku. Na ce ba don komai ba, so nake in ga ubangidana yana kuka a gaban allura.

Likitan yaro ne, sa'an Habu, mai ladabi. Ya danna ƙafarka daidai inda ka danna a gindin tsamiya. Ya tambaya tun yaushe ne kumburin ya fara. Sai ka juyo ka dube ni, don ni ne mai riƙe lokaci. Ni kuwa har da gyara zama, an zo wurin da na iya. Na ce tun kaka ta biyu bayan yunwar bushiya, na kawo masa shaida da abin da ya faru a kowace damina har zuwa ranar. Ban tsallake ko ɗaya ba. Da na gama, sai ya ajiye alƙalaminsa a kan tebur a hankali. A rayuwata ban taɓa jin kunyar ƙwaƙwalwata ba sai ran nan.

Da suka ɗebi jininka na ce ban yarda a shige da shi inda ban gani ba. Jinin mutum ba abin wasa ba ne. Na bi mai ɗauke da shi har ƙofar ɗakin awo, na kafe. Da ya ga ba zan tafi ba, ya ce in tsaya ta taga. Na ga ya zuba shi a wata siririyar kwalba, doguwa kamar karan alkama, ya tsayar da ita a jere da na wasu mutane. Ya ce a bar su su huta. Na tsaya ina kallo. Jan yana sauka ƙasa, wani ruwa fatsi-fatsi yana tasowa sama, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙwarya. Na sauran mutanen da ƙyar ya motsa. Naka kuwa ya yi ƙasa, ya bar su can sama.

Likitan ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce wannan awon shi kaɗai ba ya faɗin sunan ciwo, sai dai in jini ya yi saurin kwanciya haka, alama ce jiki na fama da wani kumburi daga ciki, wanda ido ba ya gani. Sauran awon kuma sun nuna dattin da ya kamata ƙoda ta tace ta fitar yana nan ya taru a jini. Ya ce ƙoda matata ce, taka ta daɗe tana lalacewa kaɗan-kaɗan, abin da ya cika maka jiki ruwa ne. Ni abin da ya faɗo mini shi ne tarin ƙaiƙayi a masussuka, in wuta ta shige shi. Sama lafiya lau, har kaji na tono. Ranar da ka sa sanda ka tona, toka ce.

Duk da haka sai da na yi gardama. Na ce a garinmu mai ciwo ramewa yake yi. Na yi ta yi har Habu ya ja mini hannun riga. Likitan bai yi fushi ba. Ya ce da an zo da wuri, da an kama hawan jinin da ke tare da ciwon, an rage gishiri da kanwa, da wataƙila an ja abin ya yi nisa. Ya ce wataƙila, bai rantse ba. Wannan wataƙilar ita nake ɗauke da ita har yau. An ce akwai wani inji can nesa mai wanke jini. Mu labarinsa kawai muka ji.

A motar dawowa, mun wuce Gwarzo ban ce uffan ba. Sai ka zungure ni da gwiwar hannu ka ce, "Bawa, ka ce wani abu mana. Shirun nan naka ya fi allurarsu zafi." Na lalubo, da ƙyar na samo. Na ce jininka ma halinka ya ɗauko, rago ne, wurin kwanciya kawai yake nema. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka riƙe hannuna, ba ka saki ba har muka shigo Karaye. Ɗan'uwana. Ko a ranar ma kai ka lallashe ni.

Delu ta kwashe gishiri da kanwa daga madafa, tana yi tana share ido da bakin zane. Ka ci lami ba ka yi ƙorafi ba. Ka ga an shigo da dawa a kakar nan, ba ka ga an ci ta ba.

To, ga abin da ya sa na tayar da kai da wannan dogon zance. Habu ne.

Tun da ruwan dam ya zauna ya kama noman rani, tumatir da albasa, Allah ya sa albarka, har ya sayi babur. Shekaranjiya aka yi suna a Rogo Sabon Gari, na gan shi da sassafe. Fatar idonsa ta yi nauyi. Hula ta yi masa zobe a goshi. Ya take bayan takalminsa don ƙafar ta ƙi shiga. Ina cikin kallonsa sai na ji wani daga baya yana cewa Habu an ji daɗi, ya gado jikin ubansa. Isa, goron da ke bakina sai da na tofar.

Na ja shi bayan rumbu na ce ya ɗage wando. Ya ji kunya, na daka masa tsawa. Na danna. Ramin ya tsaya.

Ya ce tsayuwa ce a cikin ruwa, Baba Audu, kowane mai ban-ruwa haka yake. Ya ce a bari a cire gyaɗa tukuna. Yana faɗa yana murmushi, yana jiran in saki wata maganar da za a yi dariya, don kowa ya san Audu ba ya rufe zance sai da ba'a. Na ce masa, "Ni ba taubashinka ba ne, Habu. Ubanka ne ni." Murmushin ya ɗauke, amma bai ce to ba. Taurin kan nan ba daga gare ka ya samo shi ba, ta wajen uwata ya biyo.

Rakiya ta ce kada in yanke hukunci, kumburi iri-iri ne, mai yiwuwa ba shi ba ne. Na ce Allah ya sa. Amma ba ni zan faɗa ba, ba mahauta ba, ba mai shayi ba. Kwalbar nan ce za ta faɗa. Masu karanta wannan kuma, in ɗan'uwanku ya cika ba dalili, kafin ku yi masa barka ku danna ƙwaurinsa. In abokin wasanku ya kira ku da sunanku na yanka, ku yi shiru ku saurara.

Allah ya jiƙanka, Isa. Ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ya haɗa ka da kawu da innata a inuwa ɗaya. Ya ba Delu haƙuri, ya tsare maka zuriya. In ya ƙaddara mu sake haɗuwa, ya sa a inda babu ciwo ne, ka kira ni abin da ka ga dama.

Na riga na aika wa 'ya'yana a Karaye su tara gayya su cire wa Habu gyaɗarsa, kada ya sami abin fakewa. Yau a nan gidan Rakiya zan kwana. Gobe in Allah ya kai mu, ana sallame asuba zan hau babur na farko zuwa Gwangwan, in shimfiɗa buzuna a bakin zaurenka tun bai fito ba. In gona yake so, sai dai ya tsallake ni, kuma ka san ba zai iya ba. Daga nan sai tasha, sai Kano. Zan tsaya a tagar nan da ƙafata. In likita ya tambaya tun yaushe ne, ya juyo ya dube ni, so nake in ce masa bana ne, bana-banan nan.

Ka huta lafiya.

Bawanka,
Audu mai igiya, Karaye.