Sau Biyu Na Zo Sutnans ɗin Matata, Na Tarar da Ƙofa a Rufe

Zuwa ga Mushe Direkte, shugaban makarantar da matata take koyon aikin lafiyar dabbobi a Maradi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ina gaida malamai da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Sunana Lawali, kafaran ne ni a soja, ɗan Kornaka, ina aiki a wani sansani arewa da Dakoro. Ba ka san ni ba, amma ka san matata Fassuma, ɗalibar shekarar ƙarshe, wadda ta rubuta memwar, wato kundin binciken gama karatu, a kan ciwon huhun awaki a garken makiyayan Azagor. Abin da ya rage mata ɗaya ne: sutnans, ranar da za ta tsaya gaban juri, malaman da ke auna ɗalibi, ta kare aikinta.

Da murna nake rubuta wagga wasiƙa. Yau da safe kabitan ɗinmu ya yarda ya ba ni permisiyo, izinin zuwa gida, karo na uku! Duk wanda ya taɓa sa kaki ya san abin da wannan ke nufi. Amma ya gindaya sharaɗi, kuma sharaɗin nan a hannunka yake. Shi ya sa zan yi maka bayani dalla-dalla, a bainar jama'a, don na gwada ta ƙofar biro ɗinku, wato ofis, ba a saurare ni ba.

Na ɗaya. Memwar ɗin nan da ni aka yi shi. Shekara uku tana Maradi gidan gwaggonta, ni ina daji. Na bar lakwal, makarantar boko, tun ina ƙarami, da kayen Fassuma, littattafan da take rubutu a ciki, na koya wa kaina karatu na ƙwarai, layi-layi, ina tambaya tana dariya. A sansaninmu waya ba ta kamawa sai ka hau kan tudun yashi, can nake zama in karanta abin da ta turo. Sau uku na karance shi daga farko har ƙarshe. Ni na gano ta ƙirga garken wani Ardo sau biyu, a tambaye ta in ƙarya nake. Da ta zo estaj Dakoro, wato gwajin aiki, ranar kasuwa ni ke riƙe mata ƙahon akuya tana ɗibar jini, ina cikin kaki, dillalai na ta tsokanata wai ga soja ya kama ɓarawo mai gemu. Ban ji kunya ba ko kaɗan. Wallahi daɗi na ji!

Na biyu. Karon farko, ran Lahadi da la'asar aka sa saƙo a gurup ɗin ɗalibai na waya cewa sutnans ran Laraba. Mushe Direkte, soja ba ya ɗaukar jaka ya fita don ya ga saƙo a waya. Takarda ce ke tafiya daga sarja zuwa ajidan, daga ajidan zuwa kabitan, kowa sai ya sa hannu. Sai da abokina Bubakar ya bar mini nasa hutun, shi da bai ga ƴarsa ba tun ranar suna. Bayan motar raguna na hau har Maradi. Surukata ta taso daga Kornaka da ƙwaryar dambu, ƙannen Fassuma sun ɗinka anko. Muka iso, ƙofa a rufe. Mai gadi ne ya gaya mana shugaban juri ya yi tafiya Yamai. Mai gadi fa! Babu wanda ya kira, babu takarda ko a jikin bango.

Na uku. Karo na biyu, hanya ɗaya aka bi, saƙo a gurup, kwana uku. Na sake zuwa gaban kabitan na sara masa, ya dube ni ya daɗe kafin ya sa hannu. Wannan karon juri na nan, amma ɗakin an ba wasu baƙi suna taro, aka ce a dawo wani lokaci. Wane lokaci? Babu wanda ya sani. Fassuma ta tsaya a farfajiya da sabon lufaya, ta rungume ordinate ɗinta, kwamfutar da aikin ke ciki, ba ta yi hawaye ba sai da motar mahaifiyarta ta tashi. Na koma sansani, yanzu sunana ya ɓace, kowa Mushe Sutnans yake ce mini, har mai dafa mana shinkafa.

Na huɗu. Kafin in koma na shiga biro na roƙi takarda mai hatimi da ke nuna ranar. Sakatare bai ko ɗaga kai ba, ya ce ba a ba da takarda, kowa ya duba gurup. Ikon Allah! Makarantar da ke koya wa ɗalibai cewa ko akuya aka yi wa allura sai an rubuta a kati an buga hatimi, ita ce ba ta da hatimin da za ta buga wa mutum? In ce wa kabitan mi? Ya duba gurup?

To ga sharaɗin kabitan: takarda mai hatimin makaranta da sa hannunka, ta iso masa kwana goma kafin ranar. In ta iso, zan zo. In ba ta iso ba, ƙofar ta rufe, kuma ba ni da bakin roƙo na huɗu.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

A tsaida rana guda, a tabbatar juri na gari, ɗakin kuma babu wanda ya riga mu.

A ba Fassuma takardar a hannu da wuri, ta san direban da zai kawo mini ita Dakoro.

A mai da wannan ƙa'ida ga kowa. A ajinta akwai matar jandarma, akwai wanda matarsa ke aikin asibiti can cikin daji. Su ma suna da manyan da ba su karɓar saƙon waya.

Na ƙarshe shi ya fi mini nauyi. Bayan watan gobe za a matsa da mu gaba can arewa, inda babu batun permisiyo. Fassuma ta rantse ba ta tsayawa gaban juri in ba ni cikin ɗakin. Na san ta, za ta zo biro ɗinka ta roƙi a ɗage. In har ranar ta faɗo bayan mun tafi, kada ka saurare ta. Ka kira sunanta, ta shiga ta kare aikinta, ka ce mijinta ne ya rubuta haka kowa ya gani. Ina so in zauna a kujerar gaba in yi tafi har tafin hannuna ya yi ja, amma ban yarda ta rasa shekara don tana jirana ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya ba ka ikon yin adalci ga ɗalibanka, Ya sa ka gama da aikinka lafiya.

Wassalam.

Kafaran Lawali, mijin Fassuma,
daga arewacin Dakoro.