Dalilin Da Na Ture Shayinki

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sama na farko a kan busasshiyar ƙasa, sarauniyar da ta rufe min ƙofar ɗaki har da sakata!

Ki sassauta fushi ki karanta. Shayinki da na ture jiya, wallahi ba raini ba ne, kuma ba wata ce ta dafa min a waje ba, kamar yadda kika gaya wa yayarki a waya da ƙarfi don in ji. Likita ne ya hana ni shayi na kwana guda saboda gwajin zuciya. Wata biyu ke nan ƙirjina ke matsewa in na hau benen ofis, na ɓoye miki saboda cikin da kike ɗauke da shi.

Da kin ga gwarzonki yau a asibiti! An aske gashin ƙirjin nan da kike wasa da shi, an manna min wayoyi kamar rediyo a wurin gyara. Aka ɗura min wani ruwa mai ɗan sinadarin nukiliya a jijiya, wai shi zai nuna inda jini ba ya kaiwa. Na kwanta hannuwa sama, na'urar ɗaukar hoton zuciya tana zagaya ni, minti ashirin ba motsi, hancina kuwa sai lokacin ya tuna da ƙaiƙayi. Daga nan sai aka ɗora ni a kan injin da ake gudu a kansa a wuri guda. Kin tuna ranar da na bi motar hayar da kika shiga don in karɓi lambarki? Haka na yi haki yau, sai dai ba ke ce a gabana ba, bango ne da wata nas mai cewa in ƙara ƙoƙari. Ina tsaka da neman numfashi aka sake allura, aka mayar da ni ƙarƙashin na'urar.

Da zan fito suka ce in yi ta shan ruwa, kuma in nisanci mai ciki har gobe saboda sinadarin da ke jikina. Ni? In nisance ki? Wane marar imani ne ya rubuta wannan doka? Shi ya sa na kauce da kika taho tarbata, ba don ina ɓoye turaren wata ba. Ga ni a falo, taku biyar tsakaninmu, kewarki tana cina.

Ranar Litinin za a faɗi sakamako. Tsoro nake ji, abar ƙaunata, tsoro na gaske. Ina so in kai ranar da zan ga fuskar abin da ke cikinki. Ki raka ni, ki riƙe min hannu, ko da kina hararata.

Naki ke kaɗai har numfashin ƙarshe, wanda nake roƙon Allah ya jinkirta sosai,
Mijinki matsoraci.