Kujerar da Na Bari

Gaya, daren Laraba, 1957

Barci ya ƙi zuwa. Na zo gida ne don in faɗa wa mutane na bar kujerar majalisa, zan zama lauyan banki a Yamai. Tun a mota nake shirya maganar, amma da na ga Baba Hamidu sai bakina ya mutu.

Tsohon nan shi ya bi ƙauyukan Tanda da jirginsa lokacin zaɓe, yana roƙon masunta su jefa mini ƙuri'a. Yau da la'asar ya iso da ƙaton kifi, ya zauna a gefen tabarma.

Ya ce, "Ɗana, 'yan duwan masu karɓar haraji a bakin iyaka sun sake kama mana jirage. Amma na ce wa yara su kwantar da hankali, muna da baki a majalisa."

Na ce, "Allah ya kawo sauƙi, Baba." Iyakar abin da na iya ke nan.

Ina ta gaya wa kaina na gaji da rigimar jam'iyya, kuma daga banki ma ana taimakon mutane. Wataƙila haka ne. Amma ni na san gidan da masu bankin suka yi mini alkawari ne ya ja ni.

Inna ta dafa kifin, na kasa ci. Ta dube ni ta ce, "Ba ka faɗa masa ba ko?"

Gobe da asuba zan bi Baba Hamidu Tanda. Gara ya ji daga bakina kafin direbobi su kai masa labarin.